John McDouall Stuart: Safiyon da ya ratsa hamadar Ostireliya, ya dawo da ayarinsa cif

Duk wanda ya tayar da mota daga Port Augusta, a gaɓar tekun kudancin Ostireliya, da niyyar zuwa Darwin a can ƙurewar arewa, to tafiyar fiye da kilomita 2,700 ce ke jiransa a kan titi guda. Titin ya tsaga nahiyar gida biyu. Yana bi ta Coober Pedy, garin mahaƙa dutsen ado na opal, inda mutane da yawa ke kwana a gidajen da aka sassaƙa a ƙarƙashin ƙasa saboda tsananin zafi, sannan ya wuce Alice Springs da Tennant Creek da Katherine. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy direba zai yi kimanin kilomita 250 bai ga gidan mai ba. Manyan motocin dakon kaya masu jan tirela uku su ne sarakunan hanyar, kuma an ware wasu sassan titin domin jiragen likitocin da ke kai ɗauki ƙauyuka su sauka a kai idan ta ɓaci.

Mutanen yankin kan gargaɗi baƙo kada ya kuskura ya yi tuƙi da magariba ko da asuba. A lokacin ne jan kangaru ke fitowa kiwo a gefen kwalta, inda ɗan ruwan da ya gangaro ke tsirar da ciyawa, kuma idan fitila ta haske shi yakan yi tsalle ya faɗo gaban mota maimakon ya koma daji. Da hantsi sai a tarar da manyan mikiyoyi masu tsinin wutsiya sun yi dandazo a kan abin da motocin dare suka kashe, sun ci sun yi nauyi har tashi yana yi musu wuya. Can nesa akan hangi tsuntsun emu, ɗan'uwan jimina, yana sassarfa, ko karen dajin da ake kira dingo, ko garken raƙuman da suka zama na dawa tun bayan da mota da jirgin ƙasa suka raba su da aikin dako.

Sunan wannan titi Stuart Highway. Mutumin da aka sanya wa sunansa ɗan tsamurmurin Bature ne daga Sikotilan, wanda ya bi kusan wannan layi a kan doki shekara 160 da 'yan kai da suka wuce, lokacin da taswirar Turawa ba ta nuna komai a tsakiyar nahiyar sai farin fili. Tsakanin 1858 da 1862 ya jagoranci tafiya shida zuwa cikin hamadar. Sau biyu ya yi yunƙurin ƙetare ta ya juyo, ana uku ya kai teku. A duk tafiye-tafiyen nan babu mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙarƙashinsa da ya mutu, a zamanin da hamadar ke haɗiye ayari sukutum.

An haifi John McDouall Stuart ranar 7 ga Satumba, 1815, a Dysart, wani ƙaramin garin bakin ruwa a gundumar Fife. Mahaifinsa tsohon kyaftin ne na soja da ya koma aikin kwastan. Iyayen biyu sun rasu yana yaro matashi, 'yan'uwa suka riƙe shi, ya yi karatun injiniya da awon ƙasa a makarantar horon sojan ruwa da na ƙasa da ke Edinburgh. A Janairun 1839, yana ɗan shekara 23, ya sauka daga jirgin ruwa mai suna Indus a Kudancin Ostireliya, yankin mulkin mallakar da bai fi shekara biyu da 'yan watanni da kafuwa ba. Birnin Adelaide a lokacin tantuna ne da bukkoki. Ya samu aiki a sashen awon ƙasa na gwamnati, yana yanka filaye ga sababbin zuwa. Ba a jima ba baitulmali ya bushe, sabon gwamna George Grey ya shiga zaftare kashe kuɗi, Stuart ya shiga sahun waɗanda aka sallama. Ya koma awo na ƙashin kansa da ɗan kiwo.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce tafiyar Kyaftin Charles Sturt ta 1844. Sturt ya yi imani akwai teku a tsakiyar nahiyar, har ya sa aka ɗora kwalekwale a kan keken shanu aka ja shi zuwa cikin hamada. Ya ɗauki Stuart a matsayin mai zanen taswira. Fari ya rutsa da su a wani ramin ruwa da suka kira Depot Glen, suka yi kusan wata shida, daga ƙarshen Janairu zuwa Yulin 1845, ba gaba ba baya. Zafi ya kai sai da suka haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa suna fakewa. A nan cutar sikabi, wadda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa ke haifarwa, ta kashe mataimakin Sturt, James Poole, aikin awo ya koma hannun Stuart. Tekun da suka samu na duwatsu ne da tuddan jan rairayi. Stuart ya dawo Adelaide a 1846 da cutar a jikinsa, ya shafe kusan shekara yana jinya. Ya kuma dawo da wani darasi da bai taɓa sakewa ba: babban ayari mai shanu da tumaki da kekuna fursunan ruwa ne, domin ramin da zai shayar da dawaki goma ba zai shayar da shanu ɗari ba.

Shekaru goma sha biyu suka biyo baya ba a jin ɗuriyarsa sosai. Yana awon filayen kiwo da wuraren haƙar tagulla a Port Lincoln da tsaunukan Flinders. Bai yi aure ba, ba shi da gida tsayayye, kuma an san shi da shan giya mai yawa duk lokacin da ya shigo gari. Abokan hamayyarsa sun yi ta yi masa gori da wannan har bayan ransa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai waɗanda suka yi tafiya da shi sun san cewa da zarar an bar gari a baya, wani mutum ne daban ke kan sirdi. A wannan lokaci ne ya haɗu da attajirai biyu, James Chambers da William Finke, masu neman sababbin wuraren kiwo da ma'adinai. Su suka zama iyayen gidansa, kuma shi ya sa sunayensu da na iyalansu suka cika taswirar tsakiyar Ostireliya.

A ranar 14 ga Mayu, 1858, ya fita tafiyarsa ta farko da mutum biyu, George Forster da wani saurayi ɗan asalin ƙasar, da dawaki 'yan ƙalilan, da guzurin 'yan makonni. Kayan awonsa kamfas ne da agogo. Ya gano ƙoramar da ya kira Chambers Creek, wadda ta zama sansaninsa a duk tafiye-tafiyen gaba, ya nausa har kusa da inda Coober Pedy take a yau, sannan ya karkata kudu maso yamma. Saurayin ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya sulale ya koma wurin danginsa. Sauran biyun suka rayu da ƙananan ɓerayen daji masu tsalle kamar kangaru, da hankaka, da ganyen da ke fitowa a rairayi, har suka faɗo Streaky Bay a bakin teku ranar 22 ga Agusta, ƙashi da rai. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta masarautar Birtaniya da ke Landan ta aiko masa da agogon zinariya.

Tafiyoyi biyun da ya yi a 1859 ba su da armashi a wurin masu son labarin jarunta, amma su ne mabuɗin komai. A yammacin tafkin gishiri na Eyre ya bi sawun wasu idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga kan ƙananan tuddai. A ƙarƙashin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nahiyar akwai makeken rumbun ruwa da duwatsu suka danne. Inda dutsen ya tsage a gefen rumbun, ruwan kan kunno kai da kansa, ma'adinan da ke cikinsa su daskare tare da rairayin da iska ta kwaso, a hankali su zama tudu mai tafki a samansa. Irin wannan ruwa bai damu da damina ko fari ba. Idanun sun jeru kamar tsani zuwa arewa, kuma 'yan ƙabilar Arabana da maƙwabtansu sun shafe dubban shekaru suna bin su a hanyar fataucinsu. Stuart ya auna su, ya sa su a takarda. A wannan shekarar ce hasken rana da ƙura da ƙudaje suka fara cin idanunsa, har wani lokacin yakan ga rana biyu idan ya ɗaga na'urar awo.

A shekarar kuma gwamnatin Kudancin Ostireliya ta sa ladan fam 2,000 ga duk wanda ya fara ƙetare nahiyar daga kudu zuwa arewa. Dalilin a fili yake. Wasiƙa daga Landan takan yi makonni masu yawa a teku, wayar tangaraho kuwa tana ta matsowa ta Indiya, kuma kowane yanki na Ostireliya na son a ce ta ƙasarsa za ta shigo.

Yadda yake karanta daji

Ranar 2 ga Maris, 1860, Stuart ya bar Chambers Creek da William Kekwick da wani matashi, Benjamin Head, da dawaki 13. Tsarinsa mai sauƙi ne, aiwatar da shi ne ke da wuya. Sai ya ajiye kaya da mutane a inda ruwa yake tabbas, ya hau doki shi da mutum ɗaya su yi gaba. Idan suka samu ruwa, a dawo a kwashi sauran. Idan kwana biyu ko uku suka wuce babu, a juyo tun dawaki na da ƙarfin komawa, a gwada wata kusurwa. Yakan hau kowane tudu da tabaron hangen nesa yana neman layin dogayen itatuwa masu farin jiki, domin su ne ke nuna kwarin kogi, kuma a ƙarƙashin busasshen rairayin kogi sau da yawa akan tono ruwa. Yana lura da hayaƙi da sawun ƙafar mutane, don ya san babu mai zama inda ba a sha.

Tsuntsaye kuma suna cikin ma'aikatansa, ko da yake ba ya biyansu. Masu cin tsaba, irin su kurciyoyin daji da ƙananan tsuntsayen nan masu jan baki da zane a wutsiya, abincinsu busasshe ne, saboda haka ba sa nisa da ruwa. Kurciyar da ta wuce da yamma a miƙe, ƙasa-ƙasa, da sauri, mashaya ta nufa. Ganin kangaru kuwa ba ya tabbatar da komai, domin jikinsa ya saba da ƙishi. Yakan kwanta a inuwa da rana yana lasar hannuwansa don ya huce, macen kuma tana iya dakatar da girman ɗan tayin da ke cikinta har sai na cikin jakarta ya ba da wuri ko ƙasa ta yi kore. Wani ɗan ƙadangare mai ƙayoyi yana shan raɓa ta 'yan siraran hanyoyin da ke tsakanin ɓawon fatarsa, su kai masa ita har baki. Akwai kwaɗon da ke cika cikinsa da ruwa ya binne kansa a laka ya jira damina ta gaba, wanda 'yan ƙasar suka san yadda ake tono shi a matse a sha. Dabbobin wurin kowanne ya yi sulhu da fari. Doki da Bature ne kawai baƙi, kuma ciyawar nan mai tsini da ake kira sifinifes ta yi ta yayyanka ƙafafun dawakin har jini.

A watan Afrilu suka ƙetare kogin da ya kira Finke, suka ga wani dogon ginshiƙin dutse tsaye shi kaɗai a fili, ya kira shi Chambers Pillar, suka ratsa tsaunukan da ya sanya wa sunan gwamna MacDonnell. Ranar 22 ga Afrilu lissafinsa ya nuna masa yana tsakiyar nahiyar. Washegari shi da Kekwick suka hau wani dutse da ke kusa, suka tara duwatsu, suka kafa tutar Birtaniya, suka binne takarda a cikin kwalba. Ya sanya wa dutsen sunan tsohon maigidansa Sturt, daga baya a Adelaide aka mayar da shi Central Mount Stuart. A littafinsa ya bayyana fatan tutar ta zama alamar isowar wayewa da addinin Kirista ga mutanen wurin. Bai tambayi ko suna bukata ba, kuma dutsen na da sunansa a bakinsu tun kafin kakanninsa su san akwai Ostireliya.

Amsar ta zo masa ranar 26 ga Yuni, arewa da Tennant Creek. Mayaƙan ƙabilar Warumungu suka tare su da sandunan jifa, suka cinna wa ciyawa wuta, Turawan suka buɗe wuta da bindiga. Wurin shi ne Attack Creek har yau. Ga mai ruwa, baƙon da ya zo da dawaki goma sha wani abu a tsakiyar rani ɓarawo ne, domin abin da za su shanye a dare ɗaya zai riƙe iyali makonni. Stuart ya zauna ya yi lissafi. Su uku ne, dasashinsa ya kumbura, dawaki sun rame, gari ya kusa ƙarewa, ramukan ruwan da ya baro a baya suna ƙafewa. Ya ba da umarnin juyawa. Saboda wannan tafiya ƙungiyar Landan ta ba shi lambar zinariya a 1861, irin wadda ta bai wa Heinrich Barth a 1856, wato Abdulkarim ɗin nan da ya zauna a Kano da Kukawa da Timbuktu.

Kafin ya iso Adelaide, yankin Victoria mai arzikin zinariya ya riga ya tura nasa ayarin. Ranar 20 ga Agusta, 1860, Robert O'Hara Burke ya bar Melbourne a gaban dubban 'yan kallo, da mutum 19, da raƙuma fiye da ashirin, da dawaki, da kekuna shida, da kaya kimanin tan 20, har da teburin cin abinci. Burke jami'in 'yan sanda ne, bai san daji ba. Kwamitin manyan gari ne ya zaɓe shi, kuma kwamitin ne ke juya tafiyar daga ɗakin taro. Jaridu suka mayar da abin tsere tsakanin yankuna biyu. Majalisar Kudancin Ostireliya, wadda a da ta bar wa Chambers da Finke ɗawainiyar Stuart, nan da nan ta ware fam 2,500.

Ranar 1 ga Janairu, 1861, ya sake fita da mutum goma sha wani abu da dawaki 49, a tsakiyar bazarar ƙasar. Ya wuce Attack Creek, ya kai wani dogon tafki cike da agwagin ruwa da kwasakwasai, ya kira shi Newcastle Waters. Daga nan sai ƙasa ta rufe. Gaba akwai fili mai baƙar ƙasa da ta tsattsage, dawaki na zurma ƙafa, bayansa kuma sarƙaƙiyar itatuwa mai kauri wadda ke yage tufafi da jakunkuna, ba a ganin abin da ke taku goma a gaba. Ya yi ta kai hari ta yamma da arewa, makonni, kowane karo ƙishi na koro shi. A watan Yuli, mutanensa sun koma rabin abinci, takalmansu sun ƙare, ya sake juyawa, alhali ya san mai yiwuwa Burke ya riga shi. Wannan juyawa ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin yanzu kuɗin gwamnati ne a wuyansa, kuma babu shugaban da ke son komawa ya ce wa majalisa bai kai ba.

Burke ya riga shi ɗin, ta wata fuska. A Fabrairun 1861 shi da William Wills sun kai fadamun da ke bakin mashigin Carpentaria, itatuwan fadama suka hana su ganin buɗaɗɗen teku. Da suka dawo sansaninsu na Cooper Creek ranar 21 ga Afrilu, sai suka tarar masu jiransu sun tashi 'yan sa'o'i kafin isowarsu. Dukansu biyu sun mutu a wurin wajen ƙarshen Yuni. Mutum bakwai ayarin ya rasa. John King ne kaɗai ya je ya dawo, shi ma don 'yan ƙabilar Yandruwandha sun ɗauke shi sun ciyar da shi.

Tafiya ta shida

Wata ɗaya kacal Stuart ya huta. Ranar 25 ga Oktoba, 1861, ayarinsa ya bar Adelaide, kuma tun ba a yi nisa ba wani doki ya yi tsaye ya doke shi, ya take masa hannun dama, sai da ya yi makonni yana jinya kafin ya cim musu. Ranar 8 ga Janairu, 1862, suka bar Chambers Creek, mutum goma da dawaki 71. Ya rubuta musu ƙa'idojin aiki: ba a barin layi sai da izni, ba a dukan doki, ba a zagi, ba a harbin 'yan ƙasa sai da umarni ko don kare kai. A cikinsu akwai Frederick Waterhouse na gidan tarihin Adelaide, wanda gwamnati ta haɗa su da shi don ya tattaro tsuntsaye da ƙwari da tsirrai. A wani tafki arewa da Newcastle Waters ya samo wani siririn aku mai dogon wutsiya, wuyansa ruwan hoda, kansa shuɗi-shuɗi. Masanin tsuntsaye John Gould ya bayyana shi ga duniya a 1863, ya sanya masa sunan Gimbiya Alexandra. Har yau yana cikin tsuntsayen da suka fi wuyar gani a ƙasar, yakan ɓace shekaru sannan ya ɓullo bayan ruwan sama mai yawa.

A wannan karon, bayan makonni na laluben sarƙaƙiyar, suka samu jerin ƙananan tafkuna da suka kai su Daly Waters a ƙarshen Mayu, daga nan zuwa kogin Roper. Ƙasa ta canja gaba ɗaya: dogayen ciyayi, gora, itatuwan dabino na daji, kifi, kadoji, da sauron da ya hana su barci. Ranar 24 ga Yuli, 1862, suka kutsa ta cikin wani kurmi suka ga teku a gabansu, gabas da inda Darwin take a yau. Stuart ya sauka ya wanke fuska da hannuwa a ruwan. Washegari, wata tara cif da barinsu Adelaide, suka ɗaure tutar da Elizabeth, 'yar Chambers, ta ɗinka a kan wata doguwar bishiya. An kuma sassaƙa haruffan sunansa a jikin wata bishiyar.

Komawar ce ta kusa kashe shi. Ruwan da suka sha a zuwa ya ƙafe a wurare da dama, dawaki suka riƙa faɗuwa, aka zubar da kaya. Sikabi ta kama shi gadan-gadan: ƙafafu suka yi baƙi, baki ya ruɓe har ba ya iya tauna, ido ya daina gani da dare, awon taurari ya koma hannun William Auld. A watan Oktoba yana aman jini, magana ta ɗauke masa na wani lokaci. Maƙerin ayarin, John McGorrerey, ya haɗa wani gado da dogayen sanduna da bargo, aka rataye shi tsakanin dawaki biyu, a haka aka ɗauke shi ɗaruruwan kilomita. An yanka doki aka yi masa romo, ya ɗan farfaɗo. Daga kan wannan gado yake faɗin inda za a kwana da inda za a tona, kuma mutanen, yawancinsu samari, ba su saɓa masa ba. Ya iso Adelaide ranar 17 ga Disamba, su goman da suka fita kuma duk sun dawo da ransu. James Chambers ya rasu tun watan Agusta, bai ji labarin ba.

Ranar 21 ga Janairu, 1863, Adelaide ta yi hutu, aka zagaya da Stuart da mutanensa cikin tsummokaran da suka dawo da su. A wannan rana, a Melbourne, ana jana'izar ƙasa ga ƙasusuwan Burke da Wills, kuma taron can ya ninka na nan. Su aka fara yi wa mutum-mutumi, tun 1865. Na Stuart a Adelaide sai 1904.

Batun lada kuwa, duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis zai gane shi. An amince da fam 2,000 ɗin, amma ba a damƙa masa uwar kuɗin ba, ribar da suke haifarwa kawai aka yarda ya riƙa karɓa. Mutanensa tara suka raba fam 1,500. Da ya nemi ƙari, aka ƙara fam 1,000 bisa wannan sharaɗi. Yana da shekara 47, gashinsa ya yi fari fat, hannunsa ya nakasa, ba ya iya karatu sosai, barci ya ƙaurace masa, giya ta dawo. Finke ma ya rasu a farkon 1864. A watan Afrilun shekarar ya hau jirgi zuwa Birtaniya, ba wani taron rakiya. An buga littafin tafiye-tafiyensa a Landan a shekarar. Ya rasu a birnin ranar 5 ga Yuni, 1866, yana da shekara 50, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. Mutum bakwai aka ce sun halarci jana'izar.

Takardunsa sun fi shi daɗewa a bakin aiki. A 1863 Birtaniya ta miƙa wa Kudancin Ostireliya mulkin Yankin Arewa bisa hujjar tafiyarsa. Charles Todd, shugaban sashen tangaraho, ya shimfiɗa waya mai tsawon kimanin kilomita 3,200 a kan turaku kusan 36,000, yana bin taswirar Stuart daga ruwa zuwa ruwa, aka haɗa bakin wayar ranar 22 ga Agusta, 1872. Masu aikin sun samu kwalbar da ya binne a kan dutsen tsakiya. Saƙon Landan ya koma zuwa cikin sa'o'i. Jirgin ƙasa ya biyo, garin da ake kira Alice Springs ma sunansa na hukuma Stuart ne har 1933, sai a 1987 aka gama shafe titin da kwalta.

Abin da ya biyo wayar bai tsaya ga saƙo ba. Makiyaya suka shigo da shanu suka mamaye idanun ruwan. A 1874 'yan ƙabilar Kaytetye suka kai hari tashar waya ta Barrow Creek, suka kashe ma'aikata biyu, ramuwar gayyar da aka yi ta ci rayuka masu yawa. A 1928, a yankin Coniston, alƙaluman hukuma kansu sun amsa kashe 'yan ƙasa 31, jama'ar wurin kuma na cewa adadin ya fi haka nesa. Shi ya sa mutum-mutuminsa riƙe da bindiga da aka kafa a Alice Springs ya jawo taƙaddama daga 'yan ƙabilar Arrernte da wasu mazauna garin. Dajin ma ya canja. Kyanwa da yanyawa da zomo da Turawa suka shigo da su sun shafe ƙananan dabbobi masu jaka iri-iri daga tsakiyar ƙasar, har matafiyin yau zai fi saurin ganin raƙumin dawa fiye da yawancin abin da Waterhouse ya zo nema.

Tun yana raye wasu suka fara raɗe-raɗin cewa bai kai teku ba. Masu awon da aka tura arewa sun nemi bishiyoyinsa a bakin kogin Adelaide, inda ya ce ya bi, ba su gani ba. Kuskuren na taswira ne: kogin da ya bi shi ne wanda ake kira Mary a yau, can gabas. Ya mutu da wannan zargi a kansa. A 1883, shekara 17 bayan rasuwarsa, wani jami'in gwamnati mai suna Gilbert McMinn ya isa wata bishiya kusa da gaɓar tekun, ya ga haruffa huɗu, JMDS, a sassaƙe a jikinta. Bayan shekara biyu aka koma aka ɗauki hotonta.